Kada Ka Ƙi Ruwa Don Idon Suruki

Daga gida, ƙasar Shanono,
Ranar Talata, tsakiyar bazara.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Da sunan Allah, wanda yake kora girgije zuwa busasshiyar ƙasa ya raya ta, nake buɗe wannan takarda. Gaisuwa nake aiko maka mai tsawo kamar ranar bazara, mai sanyi kamar gindin randa, tare da addu'ar Ubangiji ya kewaye ka da tsarinsa daga gabas da yamma, ya kare ka a tafiya da zama, ya sa albarka a guminka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka san halina, ba na iya sallama ba tare da baiti ba:

Sallama na aiko, ta bi turba ba tsayawa,
Ta wuce gonakin da suka gaji da jiran tsirowa,
Ta iske ka a rumfa, tsakiyar ɗauka da saukewa,
Allah ya sa ta tarar da kai tsaye, ba ka sunkuyawa.

Bayan haka, ka yi mini afuwa a kan wannan kutse da na yi maka. Na san ba al'adar gidanmu ba ce uba ya zauna ya yi wa ɗansa na fari doguwar magana. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama na ci tuwo da kai a kwano ɗaya ba. Yau kuwa zan ambaci abubuwan da ba a ambata tsakanin uba da ɗa, har da abin da mutum yake gani idan ya kewaya bayan gida. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Da a waya zan iya faɗa, da na faɗa. Amma duk sanda na kira ka amsarka ɗaya ce, "Lafiya lau, Baba," kuma ina jin muryar surukinka Alhaji Sule kusa da kai yana ciniki.

Tun da damina biyu a jere ta yi mana gardama, rumbu ya yi ƙasa, ka tafi Ɗambatta kana ɗaukar buhunan hatsi a rumfar mahaifin matarka, ban taɓa shakkar ƙwazonka ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne labarin da Ɗanlami direba ya kawo mini shekaranjiya. Ina zaune a ƙofar gida ya tsayar da motarsa, ya leƙo ta taga yana dariya.

Ya ce, "Malam, ashe raƙumi ka haifa ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Ɗanlami, bar wasa. Me ya faru?"

Ya ce, "Wallahi tun hantsi nake lodi a rumfar Alhaji Sule har aka yi la'asar. Ga randa nan cike a gefen kujerar Alhaji, kowa na zuwa yana ɗiba da moɗa. Abba ko kallonta bai yi ba. Na miƙa masa ruwan leda, ya saci kallon Alhaji, ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Goro kawai yake tauna."

Na ce, "To, wataƙila yana sha a wani wuri."

Sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Malam, ni ban sani ba. Amma da na zagaya bayan mota in ɗaure igiya, na tarar da shi ya dafa taya, ya riƙe kwiɓinsa na dama, leɓensa ya yi fari fat. Da ya gan ni sai ya miƙe, ya ce in rufa masa asiri kada in faɗa a gida."

Kada ka ga laifin Ɗanlami. Tun daga lokacin ban ƙara jin daɗin abinci ba, domin na san wannan riƙon kwiɓin. A jikina na san shi, kuma a gidana ka koyi abin da ya jawo shi.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. A daminar farko bayan aurena da mahaifiyarka, lokacin tana ɗauke da cikinka, na kai gayya gonar mahaifinta, kakanka Malam Isyaku. Shekarar ma mai wuya ce. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya fara naɗe ganye, ga ciyawa ta ƙi mutuwa. Na tara abokaina muka shiga gona tun da sassafe, mai gangar noma yana bin mu yana yi mini kirari. Ni kuwa ina gaba, ina so a faɗa a gari cewa Malam Isyaku ya yi dacen suruki.

Da rana ta take, mata suka kawo fura da kunun tsamiya da tuluna biyu na ruwa, suka ajiye a gindin ɗorawa. Kuma a gindin ɗorawar nan Malam Isyaku ya shimfiɗa tabarmarsa. Abokaina suka ruga suka sha har suna zuba wa kansu. Ni na tsaya nesa ina gyara ƙotar fartanya, wadda babu abin da ya same ta.

Wani abokina ya ɗaga ƙwarya ya ce, "Ango, zo ka jiƙa maƙogwaro mana! Ko azumin nafila kake yi ba mu sani ba?"

Na ce, "Na sha kafin in fito."

Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, so yake a ƙara masa ta biyu a gidan!"

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, alhali harshena ya manne da dasashi. Yaya zan buɗe baki in kwankwaɗi ruwa surukina yana kallon maƙogwarona yana hawa yana sauka? Haka na ga iyayenmu suna yi, haka na ɗauka mutunci ya ce. Muka koma aiki. Abin da na fara lura da shi shi ne gumi ya daina fito mini. Jikina ya yi zafi ya bushe kamar tukunyar da aka manta a kan murhu, na ma ji daɗi, na ce gajiya ta sake ni. Daga nan sautin ganga ya koma kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Geron gabana ya zama biyu. Ban san sanda na faɗi ba.

Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar mutumin da na ƙi shan ruwa dominsa. Ya jiƙa rawaninsa ya lulluɓe mini ƙirji, ana yi mini fifita, shi kuma yana ɗura mini kunu da ludayi kaɗan-kaɗan. Na yunƙura zan tashi, ya danne ni.

Ya ce, "Kwanta, sakarai. Ni 'yata na ba ka, ko takaba na saya mata? In idona ne ya hana ka sha, ga shi na kawar." Ya miƙa mini ƙwaryar, ya juya mini baya, ya zauna yana kallon gabas har na shanye.

Daga baya na yi wa kaina baiti, don kada in manta:

Na ƙi ƙwarya don a ce yaron nan ya san girma,
Sai ƙasa ta karɓe ni, ni da fartanya da garma,
Wanda nake ɓoye wa ƙishi, shi ya kwantar da ni a tabarma.

Abba, ka dubi wannan da kyau. Kunyar da na yi gudu ta shan ruwa ce, wadda na samu ta kwanciya ce a cinyar suruki, gari duka yana kallo. Ban ce ka zubar da ladabi ba. Amma ni gayyar yini ɗaya na yi, kai kuwa kullum kana gaban Alhaji Sule daga safe har yamma, ƙarƙashin rufin kwano, da buhu a wuyanka. Abin da aka tsara don ziyarar sa'a guda ba za a yi zaman wata da watanni da shi ba. In ba za ka iya ɗiba daga randarsa ba, ka nemi gorarka ka cika, ka ajiye a bayan buhuna, duk sanda ka sauke kaya ka zagaya ka kurɓa. Kada ka jira ƙishi ya kira ka, domin mai aiki a rana sau da yawa ƙishinsa yana makara.

Da na yi hankali daga wannan faɗuwar, da ba ni da sauran labari. Amma ban yi ba. Bayan 'yan shekaru fari ya sake dawowa, na tafi ci rani ina buga tubali a bakin wani kududdufi da ya kusa ƙafewa. A can na shiga cikin mutane masu wata fahimta: wai ruwa yana kashe jiki, wai wanda ya sha da rana sai kasala ta kama shi ya kasa ɗaga laka. Abincinmu shayi mai kauri a ɗan ƙaramin kofi da safe, sai goro. In ƙishi ya taso ka fasa goro, ɗacinsa ya tara maka yawu, ka ɗauka ka sha wani abu. Haka na yi rani guda. Idan na kewaya, abin da yake fita ɗan kaɗan ne, ja kamar an jiƙa kanwa, mai zafi da wari. Na ga haka da idona kullum, na ce ai zafin rana ne.

Wata rana da hantsi, ina durƙushe ina cika ma'aunin tubali, wani abu ya soke ni a kwiɓi. Na sha harbin kunama, ƙaya ta taɓa ratsa mini ƙafa, amma ban san ciwo ba sai ranar. Ya taso daga baya ya gangaro mara kamar ana jan wuƙa a hankali. Na yi ta birgima a cikin laka ina amai, ina kiran sunan Allah, manyan mutane suna riƙe ni. A asibiti aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Kwana da kwanaki na yi kafin ta fita, da jini. Da na gan ta, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Likitan ya ce mini, "Malam, ƙoda kamar magudana ce, in ba a kora mata ruwa ba, datti sai ya daskare. Ka sha ruwa." Har yau, duk bazara, wurin yana yi mini sallama. Kai kana ganina ina zama a hankali a kan tabarma, ka ɗauka tsufa ne.

Saboda haka goron nan da kake tauna, ka sani ba ya cikin lissafin abin sha ko kaɗan. Rufe bakin ƙishi yake yi, jiki kuwa yana nan yana ƙonewa. Kuma ga ma'aunin da ba ya ƙarya, wanda ba ka bukatar likita kafin ka duba: launin fitsarinka. In ya yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke gero, kana kan hanya. In ya yi duhu kamar shayi, ya kuma yi kaɗan, jikinka roƙonka yake yi. Ka gafarce ni da na rubuta wannan da hannuna.

Kuskurena na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin ba a jikina ya ƙare ba. Na dawo daga asibiti da kalma ɗaya a kunnena, ruwa. Na zama mai wa'azinsa a gida. A ganina tsurar ruwa ne kaɗai abin sha, sauran duk abinci ne ko kwaɗayi. Ana nan sai amai da gudawa suka kama mahaifiyarka, kana ɗan shekara huɗu ko biyar. Rijiyarmu ta yi ƙasa a lokacin, ruwanta ya yi kauri yana ɗanɗanon ƙasa. Duk sanda na ba ta, sai ya dawo. Ta ce da ni da muryar da da ƙyar nake ji, "Malam, a dama mini koko mai ruwa-ruwa, shi zan iya haɗiya." Na ce a'a, likita ruwa ya ce, koko ai abinci ne, zai ƙara mata gudawar. Yini guda da rabi ina tsaye a kanta da moɗa, tana kawar da kai. Idanunta suka faɗa. Na ja fatar hannunta, ta tsaya a tattare ba ta koma ba.

Maƙwabciyarmu ce ta aika aka kira Malama Saratu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, 'yar gidan Kiristocin ƙauyen gabas da mu. Ta shigo ta dubi mahaifiyarka, ta dube ni.

Ta ce, "Me take sha?"

Na ce, "Ruwa zalla. Ta nemi koko na hana."

Ta ce, "Malam mai baitoci, da me ake dama koko a gidanku? Da yashi?"

Na ajiye moɗar da ke hannuna. Ta ce, "Matsa ka ba ni wuri. Ka je ka tafasa ruwa, kada ka dawo sai ya huce." Ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta dinga ba ta cokali-cokali, ta sa aka dama koko salala aka biyo da shi. Kafin la'asar mahaifiyarka ta buɗe ido ta tambayi inda kake. Malama Saratu ta ce mini a zaure, ba dariya a fuskarta, "Da an ƙara yini ɗaya, da ba ni za a kira ba."

A zauren nan ta zaunar da ni kamar ɗan makaranta, ta koya mini abin da nake so ka riƙe. Duk abin da aka dama ko aka jiƙa da ruwa mai tsabta, jiki yana karɓar ruwansa. Koko yana ciki. Kunun zaƙi da kunun tsamiya da kunun gyaɗa suna ciki. Fura da nono, in an dama ta da ruwa-ruwa, tana ciki, tana kuma riƙe ciki. Zoɓo yana ciki, in ba a cika masa sukari ba. Kankana da gurji da lemon zaƙi, fiye da rabinsu ma ai ruwa ne, har romon miya ba a raina shi. Na tambaye ta shayi fa, tunda shi na ɗora wa laifin tsakuwata. Ta ce shayi ma yana ciki, laifina shi ne na mai da ɗan kofi guda ya zama ruwan yini. Lemon kwalba kuwa ta ce ruwa ne, amma ya zo da sukarin da ya fi ƙarfinsa, a sha shi don marmari, kada a dogara da shi. Ni kuma na ƙara maka da nawa: abin gwangwanin nan da samarin tasha suke sha wai yana sa ƙarfi, ka bar musu. Bugun zuciya yake ƙarawa, ya ɓoye maka gajiya, ka yi ta aiki a rana jikinka yana bushewa ba ka sani ba.

Koko da safe, kunu idan rana ta yi tsaka,
Fura a dama ta salala kafin a miƙa maka,
Amma ruwa ne babba, kada ya yi nisa da hannunka.

Ka ga ke nan ba ka da hujja. In nauyin Alhaji ya hana ka zuwa randa, ai masu kunu da masu fura suna zagaya kasuwar Ɗambatta tun safe. Ka sha koko kafin ka fita, ka sha ruwa a kansa. Ka gaya wa matarka Hadiza ta dinga cika maka gora da tafasasshen ruwa ko kunu marar kauri. Na ji an ce tana da juna biyu, Allah ya raba lafiya. Ita ma ta yawaita sha, kada ka yi mata irin wa'azin da na yi wa mahaifiyarka. Ranar da ka yi gumi har rigarka ta yi farin gishiri, kada ka wuce abinci mai miya. Kuma ka kula da inda ruwan ya fito, domin a shekara irin wannan da rijiyoyi suka ja baya, ba kowane mai tura kura ne ya san abin da ya ɗebo ba.

Amma ka saurare ni a nan, domin wannan ne ya hana ni sukuni. Duk abin da na lissafa rigakafi ne. In tsakuwar ta riga ta zauna, kunu ba zai cire ta ba. Idan ciwon yana tasowa daga kwiɓi yana gangarowa mara, ko ka ga jini, ko zazzaɓi da amai sun biyo baya, ko ka yini ba ka kewaya ba, ka ajiye buhun nan a inda yake ka tafi asibiti a ranar. Kada ka tsaya wurin mai jiƙe-jiƙe, kada ka sayi ƙwayar kashe ciwo ka yi ta haɗiya don ka gama lodi. Na san abin da kake tsoro. Kana tsoron a ce surukin Alhaji rago ne, kana tsoron in ka kwanta hatsin da kake aiko mana ya tsaya. To, ni da nake cin hatsin nake gaya maka: mun ci rama da zogale a wasu shekarun mun rayu, za mu sake ci. Ban yarda a auna mini dawa da ƙodarka ba.

Ina roƙon Allah mai rahama ya sanyaya maka wannan rana, ya tsare gaɓoɓinka na fili da na ɓoye, ya kare ka daga ciwon da ake gani da wanda ake rufewa. Ya tsare Hadiza da abin da take ɗauke da shi, ya saka wa Alhaji Sule da alheri, ya kawo mana damina mai albarka ka dawo ka riƙe fartanyarka. Ka gaishe su duka da girmamawa.

Abu na ƙarshe. Ɗanlami zai ba ka takardar nan hannu da hannu, kuma na ce kada ya ta da mota daga Ɗambatta sai da amsarka a aljihunsa. A rubuce nake so, da hannunka, ko a bayan wannan takardar ne. Kada ka rubuto mini "lafiya lau". Ka gaya mini tun yaushe kwiɓin yake ciwo, wane launi kake gani idan ka kewaya, da abin da ka sha jiya daga safe zuwa yamma. In motar ta dawo babu amsa, ko amsar ta zo ban gamsu ba, to ranar kasuwa mai zuwa ni zan hau ta. Zan shiga rumfar, in zauna a gaban Alhaji Sule, in karanta masa wannan takarda tun daga sallama har sa hannu, sa'an nan in ɗebo ruwa a randarsa in miƙa maka a gaban kowa. Ka san ban taɓa faɗin abu na fasa ba. Ka zaɓa, ka kuma hanzarta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Ɗahiru.